Ɗana Mai Otizim Ya Ciji Wani Yaro, Iyayen Ajinsu Sun Mayar da Mu Saniyar Ware

Tambaya:

"Assalamu alaikum Malama. Ɗana yana da shekara 7, yana aji biyu a wata firamare mai zaman kanta a Kaduna. Shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar mana yana da larurar otizim. Yana magana amma gajeruwa, yana karatu, a lissafi ma ya fi da yawa daga cikin 'yan ajinsu. Sai dai ba ya son hayaniya, yakan toshe kunne yana kaɗa hannu. A zangon da ya wuce ya ciji wani yaro a layin asambuli. Tun daga ranar iyaye mata suka canza mini fuska. In na yi gaisuwa a bakin get ciki-ciki ake amsawa. Na gano sun buɗe wani guruf na WhatsApp ban da ni. An yi shagalin ranar haihuwar wata 'yar ajinsu, aka raba wa kowa kati, shi kaɗai aka tsallake. Wata har ta je ta ce wa malama kada a zaunar da ɗanta kusa da nawa, wai kada ya kwashi halin. Maigida ya ce in share su, surukata ta ce in daina fita da shi. In shiga babban guruf ɗin aji in yi musu bayanin larurarsa ne, ko in canza masa makaranta? Wallahi na kai in lokacin ɗauko shi ya yi gabana faɗuwa yake."

Amsa:

Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Allah ya raya yaron nan ya yi masa albarka, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Kada ki ɗauki faɗuwar gaban nan a matsayin raki. Iyaye mata da yawa da muke aiki da su sukan ce 'yan mintocin jiran tashi a bakin get sun fi musu sauran yinin nauyi.

Kin tambayi abu biyu, bayani a guruf ko canjin makaranta. Ni kuwa matsala uku na gani a wasiƙarki. Ta farko cizon nan, wanda har yau ba a rufe maganarsa ba. Ta biyu haƙƙin yaron a kan makaranta, wanda wajibi ne a ba shi, ana so ko ba a so. Ta uku zumuncin sauran iyaye, shi kuwa babu dokar da ke kawo shi, sai dai a nemo shi gida ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kada ki rubuta komai a guruf yanzu, kada kuma ki cire shi yanzu. Ki ware zango guda ki bi ukun nan a jere. Ban ga yaron ba, don haka duk abin da zan faɗa ki auna shi da abin da ke da likitansa kuka sani game da shi.

Abin da ya sa suka ja baya

Otizim, wadda kafafen labarai kan kira galahanga, larura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninta a rubuce a 1943 bayan ya duba yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, a Amurka kuwa, inda ake tantancewa sosai, alƙaluman da aka fitar a 2023 sun nuna 1 cikin 36. Maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Ke nan a makaranta mai ɗalibai 300 da wuya a ce ɗanki kaɗai ne, shi dai aka sani. Tushenta mafi ƙarfi ƙwayoyin halitta ne, ɗaruruwansu, wasu ma a jikin yaron suka fara sauyawa, don haka babu dalilin ɗora wa dangin uwa ko na uba. Tarbiyya ba ta kawo ta. Allurar rigakafi ba ta kawo ta; rubutun 1998 da ya haddasa wannan jita-jita an janye shi a 2010, aka kuma hana likitan da ya yi shi aiki a Ingila. Ba a kuma ɗaukar ta ta zama tare, ko yawu, ko cizo.

Sauran iyayen ba su san duk wannan ba. Gurgu ko makaho da ka gan shi ka ga larurarsa, tausayi ya zo da kansa. Naki kuwa yaro ne kyakkyawa, cikin yunifom kamar kowa, kwatsam a ga ya ƙwala ihu ya faɗi ƙasa. Mai kallo sai ya laluba cikin bayanan da ya tashi da su. Wata ta ce sangarta ce, laifi ya dawo kanki. Wata ta ce iska ce ko sammu, tsoro ya shiga. Wata ta kwatanta da farfaɗiya, wadda ita ma mutane ke zaton ana ɗauka alhali ba a ɗauka. Wani masanin zamantakewa a Ostireliya, David Gray, ya bi iyayen irin waɗannan yara tun shekarun 1990, ya tarar iyaye mata sun fi maza shan tsangwama, kuma ta fi tsanani a kan waɗanda 'ya'yansu ke duka ko cizo. Ba abin mamaki ba ne, uwa ce ke tsaye a wurin in abin ya faru.

Ita mai tsoron kada ɗanta ya "kwashi halin", iyakar abin da zai iya faruwa shi ne ɗan nata ya kwaikwayi kaɗa hannu na kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda yara ke kwaikwayon tafiyar malami, sannan ya manta.

Wani abu kuma da nake so ki riƙe: matan nan ba duka suka zama ɗaya ba, ko da yake daga inda kike tsaye haka za ki gan su. A aji mai yara 25 ko 30, abin da nake gani shi ne masu ƙyamar gaske da wuya su wuce biyu ko uku. Akwai guda ɗaya mai ƙorafi na gaskiya, wato wadda aka ciji ɗanta. Sauran 'yan bi yarima a sha kiɗa ne, da waɗanda kunya ke hana su matsowa don ba su san me za su ce miki ba. Shirunsu da na mai ƙiyayya kama suke yi. Aikinki a kan waɗannan na tsakiya yake. Masu ƙyamar ki bar su, gaisuwa kawai.

A fara da cizon

Muddin iyaye na jin cewa gobe ma ana iya cizon wani, babu bayanin da zai shiga kunnensu, kuma ba su yi laifi ba a nan. Yaro mai otizim ba ya cizo haka siddan. Ki roƙi malamar aji ta riƙe ƙaramin littafi na mako biyu, ke ma ki riƙe naki a gida. Duk lokacin da ya birkice a rubuta abu biyar: ƙarfe nawa, a ina, me ya faru dab da abin, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Layi ɗaya ya isa kowane karo. Kafin mako biyun su cika galibi za ki ga abu ɗaya na maimaita kansa.

Dubi layin asambuli ta idonsa. Rana ta fara zafi, ana kaɗa ƙararrawa ko ganga, lasifika na ƙara, yara ɗari na amshi da murya ɗaya, na baya na turo shi, na gaba na takawa, shi kuma bai san yaushe za a gama ba. Yaron da taɓawar ba-zata ke yi wa zafi, maganarsa kuma ke ɗaukewa in ya ruɗe, haƙori ne ya rage masa. Gyaran ba shi da tsada. A tsayar da shi a ƙarshen layi, kusa da malama, da tazarar hannu guda tsakaninsa da na gaba, babu kowa a bayansa. In hakan ma ya yi masa yawa, ya zauna a aji na mako biyu, sannan a fara fito da shi minti biyu na ƙarshe, daga nan biyar, a riƙa ƙarawa. A ba shi ƙaramin kati mai hoto da zai ɗaga in yana son fita, kuma duk sa'ad da ya ɗaga a bar shi ya fita nan take. In aka ƙi ko sau biyu, zai yar da katin ya koma ga abin da ke yi masa aiki. Abin toshe kunne irin na ma'aikatan masana'anta yana taimaka wa yara da yawa.

Ki kuma binciki abin da malama ba ta gani ba. Yara kan gano da wuri cewa in an yi masa ihu a kunne ko an ɗauke fensirinsa zai yi "abin nan nasa", sai su mayar da shi wasa. Malama tana juyowa cizon kawai take tararwa. Ki tambayi mai shara, mai gadi, ko yayansa in makarantarsu ɗaya. In kuma cizon sabon abu ne da bai saba ba, a duba haƙori, kunne, taurin bayan gida da ƙarancin barci, domin yaron da ba ya iya cewa "nan ke mini ciwo" da hali yake faɗa.

Malamai su san bambancin rigima da birkicewa. Mai rigima yana kuka yana satar kallonki, da an ba shi abin da yake so ya yi shiru. Wanda ya birkice ko an miƙa masa abin ba ya gani. A wannan halin a janye sauran yara, mutum ɗaya ya tsaya, a rage magana, kada a riƙe shi sai in zai ji wa kansa ko wani ciwo, a jira. Bulala da tsawa ƙara wa abin tsawo suke yi, su kuma koya masa tsoron makaranta.

Da an fara wannan gyara, sai ki je gidan yaron da aka ciza, ko da zango ya wuce. Ba a bakin get ba, ba ta waya ba. Ki tafi da babbar mace mai mutunci, yayarki ko wata dattijuwar unguwa, da ɗan abin hannu na yaron. Jerin maganar yana da muhimmanci: ban haƙuri, tambayar jikin yaro, matakin da aka ɗauka, bayanin larura a ƙarshe. Misali: "Maman wane, na zo ba ki haƙuri ne kan abin da ya faru, ya kamata in zo tun tuni. Yaya hannun nasa? Mun zauna da malama, an canza masa wurin tsayuwa a layi, ana kuma sa ido." Sai ki yi shiru ki bar ta ta amayar da abin da ke cikinta, ko da zai yi ɗaci. In kika buɗe baki da "ai ba shi da lafiya ne", ita abin da za ta ji shi ne ciwon ɗanta ba komai ba ne. Sau da yawa wannan matar, in aka girmama ta haka, ita ke komawa ta kashe wutar da kanta, domin maganarta ta fi ta kowa nauyi a kan batun.

Abin da ke kan makaranta

Ki rubuta takardar neman zama da shugaban makaranta da malamar aji, maigida ya raka ki. Ki je da shafi guda, kada ya wuce haka, malamai ba sa karanta mai tsawo: abin da ya ƙware a kai, abin da ke birkita shi, alamun da yake nunawa kafin ya birkice, abin da ke kwantar masa da hankali. Ki nemi abubuwa ƙayyadaddu. Mutum ɗaya da aka ambaci sunansa ya riƙa lura da shi a asambuli, lokacin tara da lokacin tashi, domin a nan ake samun matsala, ba a cikin darasi ba. Malama ce ke raba wurin zama bisa abin da ya dace da karatu, ba iyaye ba. Katin gayyata kuwa, ko a ba kowa a aji, ko a raba shi a wajen makaranta. Wannan ƙa'ida ce da ke kare kowane yaro, har da marayan da ba a gayyata. A rubuta abin da aka amince, kowa ya riƙe kwafi, a sa ranar sake zama bayan mako shida. In ba a sa rana ba, maganar a ofishin za ta kwana.

Akwai buƙata guda da ta fi sauran amfani. A 2012 Connie Kasari da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun wallafa bincike kan yara 60 masu otizim a makarantun firamare na kowa da kowa. Wasu an koya musu dabarun abota su kaɗai. Wasu kuma ba su aka koya wa ba, 'yan ajinsu uku aka zaɓa aka riƙa zama da su na minti 20, sau biyu a mako, har mako shida, ana nuna musu yadda za su lura da yaron da ke tsaye shi kaɗai su jawo shi wasa. Yaran da aka horar da 'yan ajinsu sun fi samun shiga cikin abokai, zamansu su kaɗai a filin wasa ya ragu, kuma amfanin ya ɗore bayan an gama. Duk malamar da ke da niyya za ta iya yin irin wannan ba tare da kobo ba. Ta zaɓi yara uku masu haƙuri da farin jini, ba dole masu ƙoƙarin aji ba. Ta koya musu su kira sunansa kafin su taɓa shi, su yi magana gajeruwa, su jira amsa har su ƙirga goma a zuci, in ya ce a'a su sake gwadawa gobe. Inda ake ɓatawa shi ne a ɗora wa yarinya ɗaya mai tausayi rainonsa duk zango. Za ta gaji, uwarta ta yi ƙorafi. A riƙa juyawa. Yaran nan kuma su ne ke kai labari gida, kuma uwa ta fi gaskata ɗanta in ya ce "ai shi ne ya fi kowa lissafi" fiye da duk abin da ke za ki faɗa.

Kina da doka a bayanki. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko cibiya. An kafa hukumar ƙasa mai kula da aiwatar da ita a 2020, Kaduna da Kano kuma na cikin jihohin da suka yi tasu dokar. Ki san da ita, amma kada ki buɗe zama da ita. Sai ranar da aka ce ki ɗauke shi don wasu iyaye sun yi ƙorafi, sai ki ce a ba ki hakan a rubuce. Da yawa a nan suke sake tunani.

A faɗa ko a ɓoye?

Tsoron faɗa ba na banza ba ne. Suna in ya bi yaro yakan bi har 'yan'uwansa mata ranar da aka zo binciken aure, kuma abin da aka rubuta a guruf ba ya dawowa, ɗaukar hotonsa ake yi a tura gaba. Amma ɓoyewa ma ba ta hana magana, sai dai ta bar mutane su raɗa wa abin sunan da suka ga dama, nasu sunan kuwa ya fi na likita muni.

Shawarata a faɗa, amma baki da baki, ga mutum ɗaya a lokaci guda, bayan ke da maigida kun daidaita a kan iyakar abin da za a faɗa. Jimla uku sun isa: mene ne, yaya yake bayyana a jikinsa, me mutum zai yi. "Yana da otizim, haka aka haife shi, ba a ɗauka. Hayaniya na yi masa zafi a kunne, shi ya sa yake toshewa. In kin gaishe shi bai amsa ba ya ji ki, ki ɗan jira shi." Ki faɗa da muryar da za ki ce yaro na da asma, ba kuka ba roƙo, yadda kika ɗauki maganar haka mai sauraro zai ɗauke ta. Abin da ya shafi banɗakinsa, magungunansa da takardun asibiti sirrinsa ne, zai girma ya tarar da duk abin da aka yaɗa.

Bayani ga taro kuwa ba bakinki ya kamata ya fito ba. Ki ba makaranta shawara ta gayyato ma'aikacin lafiya ko malamin ilimin yara masu buƙata ta musamman ya yi minti 15 a taron iyaye da malamai, ba tare da an ambaci sunan kowane yaro ba. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim tun 2007, hujja ce mai kyau. Guruf ɗin da aka buɗe ban da ke kuwa, kada ki nemi shiga, kada ki nuna kin sani. Ki tabbatar dai duk sanarwar makaranta ta hannun malama take zuwa miki.

Gida ɗaya ake nema

Ɗanki ba ya buƙatar aji guda su so shi. Aboki ɗaya ko biyu na gaske sun wadatar a wannan shekarun, ke ma mace ɗaya da za ta tsaya kusa da ke a bakin get ta isa ta sauya yadda sauran ke kallo. Tambayi malama: wane yaro ne ke zama kusa da shi ba tare da an sa shi ba? Uwar wannan yaron za ki nema. Zumunta a ƙafa take, ke za ki fara takawa.

Ki gayyace su gidanki, inda ɗanki ya san komai. Ki faɗi rana da lokacin farawa da na gamawa: Asabar bayan la'asar, minti 45. Yaro ɗaya kawai, domin in suka zama uku biyu za su haɗe su bar shi. Tun ana gobe ki zana masa abin da zai faru a takarda, hoto huɗu: ya zo, mun yi wasa, mun sha lemo, ya tafi. Ki ɓoye kayan wasa biyu ko uku da ba ya yarda a taɓa, ki kashe talabijin, ki ajiye waya. Ki tanadi wasa mai farko da ƙarshe wanda ake yi tare: jera bulo, fenti, yanka cincin, wanke keke. Wasan da ake cin wani, kamar ludo, ki jinkirta shi, faɗuwa na birkita da yawansu. Kowane wasa minti 10 zuwa 15. In kin ga suna zaune gefe da gefe kowa na nasa, ba sa magana, kada ki tsoma baki, a wurinsa wannan ma wasa tare ne.

Ki sallame su tun ana jin daɗi. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: an ga abu na tafiya lafiya sai a ce a ƙara awa guda, ƙarshe a rabu da kuka, abin da baƙuwa za ta tafi da shi ke nan. Na biyu, uwa ta tsaya a kansa tana "gaishe ta, kalle ta a ido", ta ruɗa shi ta kuma sa baƙuwa jin nauyi. Na uku, hira ta koma ƙorafin sauran mata. Duk abin da kika faɗa zai isa inda ba ki aika shi ba. A yi haka sau uku ko huɗu a gidanki kafin shi ya je nasu. In uwar ta kawo uzuri, ki sake gwadawa sau ɗaya bayan mako biyu. In ta sake, ki nemi wata, ba tare da riƙo ba. 'Ya'yan dangi, maƙwabta da 'yan Islamiyya duk suna cikin lissafi.

In gayyata ta zo, biki ne ko suna ko shagalin yara, ku je da wuri kafin a kunna lasifika, ku zauna kusa da ƙofa, ki riƙe abincin da ya saba ci, ki lura da balan-balan don fashewarsa na firgita irin waɗannan yara. Minti 20 zuwa 30 ku yi sallama. Game da katin da aka hana shi, ki lura ko shi abin ya dame shi, domin wani yaron a shekara 7 yana ji sosai, wani kuma ko a jikinsa. In ya tambaya, gaskiya gajeruwa: "Wannan karon ba a gayyace mu ba. Ranar Asabar za mu je gidan Kawu." Kada ya ji daga bakinki cewa ba a son shi.

Maigida, Hajiya, da ke kanki

"Share su" magana ce mai sauƙi ga wanda ba ya tsayuwa a bakin get. Ki roƙi maigida ya riƙa ɗauko shi sau biyu a mako, ya kuma yi magana da mahaifin yaron da aka ciza. Uban da aka gani riƙe da hannun ɗansa a masallaci da kasuwa yana rufe bakuna da yawa. Surukarki kuwa kunya da tausayi ne ke magana a bakinta, ki bi ta da ladabi. Amma yaron da aka kulle a gida kowace fita ƙara yi masa wuya take, mutane kuma su ce da ma akwai abin da ake ɓoyewa. Ki tafi da ita ganin likita sau ɗaya ta ji da kunnenta. A tuna mata hadisin da Muslim ya ruwaito daga Anas, na matar da ke da wata larura a hankalinta ta ce tana da buƙata wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta zaɓi hanyar da ta ga dama, ya je ya tsaya da ita har ta gama buƙatarta.

Wariya kan tura iyaye hannun masu cewa za su "cire" larurar. Babu maganin da ke cire otizim. Addu'a ba ta da illa, amma duka, ɗauri, hayaƙi a rufaffen ɗaki da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba suna cutarwa. Ƙwayoyi irin su risperidone tsananin duka da cizo kawai suke ragewa, suna sa ƙiba da barci, likita ne kaɗai ke rubuta su ya kuma bi sawu. Kina Kaduna, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna kusa. A ranar asibiti ki karɓi lambar uwa ɗaya ko biyu da kuka haɗu a layi, su ne ba sai kin yi wa bayani ba. In kuma ke kanki kin kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, kuka ba dalili, komai ya fita ranki, ki faɗa wa likita. Ciwon damuwa ne, ana maganinsa.

Yaushe ake canza makaranta?

Halin iyaye shi kaɗai bai kai dalili ba, domin canji zai raba shi da malama da aji da hanyar da ya saba, a sabon wurin ma akwai iyaye. Wasu matan ba za su taɓa sakin fuska ba, ko me kika yi. Halin makaranta shi ne ma'auni. In zango ya ƙare sun ƙi rubuta komai, ko ana dukansa, ko ana yawan kiranki ki ɗauke shi da rana tsaka, ko ana cewa ya zauna a gida ranar taro da ranar baƙi, ko shi ya fara ƙin sa yunifom, fitsarin kwance ya dawo, maganar da yake yi ta ragu, to a tashi.

Sabuwar makarantar ki je ta lokacin tara, ba tare da sanarwa ba, ki tsaya ki ga ko akwai babba a filin wasa da yadda ake yi wa yaron da ke kuka. Ki ƙirga yaran ajin. Ki tambayi shugaban: kun taɓa samun yaro irin wannan, me kuka yi ranar da ya birkice? Wanda ya ba ki labari dalla-dalla ya fi wanda ya ce "ba matsala, duk muna karɓa". Ki faɗa musu gaskiya har da cizon kafin ki biya kuɗi. Ki kai shi ya ga wurin sau biyu ko uku lokacin da babu ɗalibai, ki ɗauki hoton get, aji, banɗaki da malamar, ku riƙa dubawa tare a gida. Ya fara a farkon zango, makon farko rabin yini, kuma shafin nan guda da littafin mako biyu su riga shi isa hannun sabuwar malamar.